Motata Tana Yi wa Dattawan Korgom Tsawa

Baffa mai filin shawara,

Ka agaza mini, ko da yake ni ba mai yawan neman agaji ba ne. Duk wanda ya san ni a Tasawa ya san ba gado na ci ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na taɓa kolej, na fita don kaina, ba kora ta aka yi ba kamar yadda wasu ke yaɗawa. Da ɗinkin buhu na fara a bakin sikeli, yau ni ke sayen gyaɗa wa kamfani daga Korgom har Urafan. Shekarar da muka samu ƴancin kai, wani Nasara da zai koma gida ya sayar mini da Fijo ɗinsa. Ya ce ya ga alamar zan iya riƙe ta.

To, tun farkon kakar bana motar ta canza hali. Da can in na tsaya, ralantinta, wato kukan inji a tsaye, kamar numfashin mai barci. Yanzu ƙafata ba ta kan abin ba da wuta, amma inji na kururuwa kamar muna hawan rairayin hanyar Mayahi. Isansi kuwa, wato man fetur, sha take yi ba tausayi. Wannan bai dame ni ba, Allah ya hore mini.

Abin da ya dame ni Cindo ne, mai garin wani ƙauye kusa da Korgom. Inda ya nuna, nan gyaɗar garin duka ke tafiya. Al'adata in na iso, sai in tsaya ƙofar zaurensa in sauke gilashi mu gaisa. Bana sai dai in ga bakinsa na motsi. Yana tambayar gida da gajiya da iyali, ni ina ɗaga kai, ba mai jin wani. Ran nan ma jakin limaminsu ya tsinke igiya. Yanzu ana cewa wai da gangan nake taka wuta don dattawa su gajarta gaisuwa. Ni da ko a kolej an san ni da ladabi.

Za ka ce in kashe motar. Batir ɗinta ya yi sanyi, in na kashe sai da manibel, ƙarfen tada inji da hannu, ko turi. Ka duba mutum kamata, da babbar riga, yana murɗa ƙarfe a gaban manoman da yake saye wurinsu.

Ga kuma Maiwada, abokin hamayyata, wanda ko keke sai aro. Shi yana zuwa ya baje kan tabarma ya sha fura, ya tambayi lafiyar kowa har ta awaki. Cindo ya ce ran kasuwa mai zuwa zai faɗi sikelin da za su kai. In garin nan ya kuɓuce mini ba zan cika abin da na yi wa kamfani alkawari ba, sikelin ma karɓewa za su yi.

Ni mai ilimin zamani ne, ban cika yarda da wasu abubuwa ba. Amma gabanin kaka mahaifiyata, Inna Lalla, ta karɓo mini laya, aka ce a ɗaura inda mota ke samun ƙarfi. Da yake na san inji, ni na zaɓi wurin da kaina: wayar nan da ke shiga karburato, wadda ke motsi in an taka wuta. Na ɗaure ta tam da tsirkiyar fata. Bayan nan kukan ya fara, sai na gane lallai akwai abin da layar ta tarar tana faɗa da shi. Na ƙara ta biyu, babba. Kukan ya ƙaru. Ka ga ke nan hannun da ke ciki ba ƙarami ba ne.

Na kai ta wurin Gajere makanisiye. Ya canza buji, ya murɗa kusar ralanti har ta ƙure, ba abin da ya ragu. Wurin layun kuwa na rufe da tsumma na ce kada ya taɓa, don bakinsa ba ya riƙe magana.

Shin in kai ƙarar Maiwada wurin sufurefe, mai mulkin gundumarmu, ko in fara zuwa Isawan, inda aka ce akwai malamin da layarsa ta fi ƙarfi?

Naka,
Wanda Ya Kafa Kansa, Tasawa

*

Malam Wanda Ya Kafa Kansa,

Ka bar sufurefe ya huta, ka bar hanyar Isawan. Buɗe kapo, murfin inji, za ka yi.

Inji ba ya kururuwa a tsaye sai yana samun abin da ya fi ƙarfin tsayuwa. Yawanci ko starte ne, wanda ake ja in inji ya yi sanyi, ya maƙale bai koma ba, ko iska na shiga ta wata ɓaraka a gindin karburato, ko an murɗa kusar ralanti da yawa, ko kuma wayar wuta ba ta komawa mazauninta. Taka matsalar ba ta bukatar dogon bincike. Wayar nan akwai ɗan rasor da ke maido ta duk lokacin da ka ɗaga ƙafa. Ka ɗaure ta da fata, ka rataya mata nauyi, fatar ta sha zafin inji ta ƙara tsukewa. Hannun da ke ciki gaskiya ba ƙarami ba ne, hannun babban ɗan kasuwa ne.

Ban ce ka jefar da abin da mahaifiya ta ba ka ba. Ka kwance su da ladabi, ka aje cikin akwatin gaba, inda ba abin da ke motsi. Sannan ka taka wuta ka saki, inji a kashe, ka ga ko wayar na komawa da kanta. Ka koma wurin Gajere ba tare da tsumma ba, ya maido kusar da ya ƙure, in ba haka ba motar za ta riƙa mutuwa duk inda ka tsaya. In kukan bai tafi duka ba, ya duba starte da gindin karburato. Batir kuma ka saya, tunda ka ce Allah ya hore maka.

Ta wajenka, na yarda ba da gangan ka yi ba, kuma abin da ka gina da guminka bai kamata ya rushe a kan igiyar fata ba. Ta wajen Cindo kuwa, ina jin kukan inji bai ɓata mishi rai kamar gaisuwar tagar mota ba. Shekarun da motar ke numfashin mai barci ma, daga zaune kake gaida shi, yana haƙuri. Bana ne kawai ya samu dalilin da zai iya faɗi.

Kada ka jira ran kasuwa. Ka je tun kafin nan, ka kashe mota nesa da zaure, ka taka da ƙafa, ka tuɓe takalmi, ka zauna har gaisuwa ta ƙare don kanta. Ka gaya mishi gaskiyar abin da ya samu motar. Zai yi dariya, garin ma zai yi, amma wanda ake dariya tare da shi ba a cika juya mishi baya ba. In ta ƙi tashi, ka roƙe su turi.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a gama awo lafiya, ya ƙara wa Inna Lalla tsawon rai.

Baffa