Ya Kyautar da Motar da Muke Gwada Waƙa

Anti Corinne, don Allah ki taimake ni. A tsorace nake rubuta miki, ni kuwa ba matsoraciya ba ce. Shekaru na yi ina koyar da adabi a wata sakandare a nan Detroit, samarin da suka fi ni tsayi ma shiru suke yi in na cire tabarau.

Mijina, bari in kira shi Lemuel, marubucin waƙoƙin R&B ne kuma furodusa. Ba za ki gane fuskarsa ba, amma in kin taɓa rawa a wurin biki a garin nan, da wuya ba ki taka kiɗansa ba. Tun muna saurayi da budurwa ba ya sakin waƙa sai an gwada ta a mota. Cewa yake lasifikokin situdiyo maƙaryata ne, kowace waƙa sai sun yi mata kwalliya, alhali jama'a a mota suke saurare. Shi ya sa ya ƙi rabuwa da wata tsohuwar mota ruwan ƙasa, wai ya san muryar lasifikarta kamar yadda ya san tawa. Ran Lahadi in an tashi daga coci sai mu shiga, shi yana tuƙi, ni ina saurare. In na kama bin amshi ban sani ba, waƙa ta nuna. In na yi shiru ina kallon taga, sai ya koma situdiyo yana ƙunƙuni, yana ce mini Malama mai jan biro.

Tun sanyin bara na fara lura. Butar shayi tana fito a kan wuta, ba ya motsi. Rannan burodin masara ya ƙone mini, na'urar gargaɗin hayaƙi ta dinga ihu, shi yana zaune ƙarƙashinta yana karatun jarida. Siraran sautuka ne suka ɓace masa. To da yake ba ya jin su, sai yake ta ƙara musu ƙarfi in yana haɗa sauti.

Ana cikin haka Verlene ta dawo, mawaƙiyar da ya yi wa faifanta na farko. Ta daɗe da barin waƙa, ta ce ba wanda zai taɓa mata sabon faifai sai shi. Lahadin da ta wuce ya sa mini waƙar a mota. Anti, bai taɓa rubuta wadda ta kai ta ba. Amma kacau-kacau ɗin da ke ciki kamar ana soka mini allura a ƙwaƙwalwa. Yana murmushi ya tambaye ni wai kacau-kacau bai fito sosai ba ko, ya ƙara? Na ce masa in ya ƙara, karnukan unguwa ƙaura za su yi. Sannan na gaya masa duka, da butar da na'urar hayaƙin. Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, ranar da kunnensa ya mutu a haɗa su a binne.

Washegari ya ba ƙaninsa Virgil makullin motar, kyauta. Motar da ya hana ni ko cin gyaɗa a ciki! Tun daga nan ya zama wani salihi: yana wanke kwanuka, yana yi mini godiya in na miƙa masa gishiri. Wannan ladabin ne ya fi tayar mini da hankali. Kuma akwai bindigar mahaifinsa a saman kabad.

Haushi nake ji kamar in fashe. Haushin sana'ar da in aka ji ƙishin-ƙishin kunnenka ya taɓu, wayarka ta daina ƙara kenan, sai dai su zo jana'izarka su rera waƙoƙinka suna share hawaye. Haushinsa, da ya zauna rabin rayuwarsa tsakanin lasifikoki masu girgiza haƙarƙari yana ce mini kiɗan da ba ya dukan ƙirji ba kiɗa ba ne. Kuma don Allah kada ki kawo mini labarin Bajamushen nan da ya kurumce yana tsara kiɗa. Na karanta, ba shi da Verlene tana jiran faifai.

Ga tambayata: in kira injiniyan situdiyo a ɓoye ya riƙa rage sautin bayan Lemuel ya fita? Ko in gaya wa Verlene? Ko in koma in ce masa ni ce ban ji daidai ba?

Malama Mai Jan Biro, Detroit

'Yar'uwa,

Kin tambaye ni batun faifai, amma ba shi ne ya tsorata ki ba, ke ma kin sani. Mutumin da ya yi zancen a binne shi, ya kyautar da abin da ya fi so, sannan ya yi laƙwas, ba a jira a ga yadda za ta kaya. Yau ɗin nan ki kira Virgil ya zo ya ɗauke bindigar daga gidan. Sannan ki zaunar da mijinki ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, ƙofa take buɗe masa. In ya amsa, ko ya kauce wa idonki, kada ki bar shi shi kaɗai. Ku ga likita a ranar, ko ki kira layin agajin gaggawa.

Dabarunki uku duk ki ajiye su. Injiniya zai gaya wa wani, Lemuel ya zama na ƙarshen ji a situdiyonsa. Verlene kuwa daga bakinsa ya kamata ta ji. In kuma kika ce ke ce ba ki ji daidai ba, kin zama ɗaya daga lasifikokin nan maƙaryata.

Ki yi masa adalci. Tsoronsa ba shirme ba ne, sana'ar tana da rashin imani kamar yadda kika faɗa. Gaskiya kika gaya masa, amma da barkwancin karnuka kika fara, shi kuma dariya ya ji ana yi masa. Ki nemi afuwar barkwancin, kada ki janye gaskiyar. Haushin ki adana shi, zai yi miki amfani wajen ja masa hannu zuwa wurin likitan kunne. Ba a ma auna shi ba tukuna, akwai kuma na'urorin ƙara ji da ake daidaitawa don masu kiɗa. Haɗa sauti aiki ne da zai iya ɗauko wani ya taya shi a fili, ba tare da kunya ba.

Abu guda kuma: kin gaya mini bai taɓa rubuta waƙar da ta kai wannan ba. Shi kin gaya masa? A wasiƙarki ban gani ba. Abin da ya ɗauka daga motar nan shi ne tasa ta ƙare. Ki ce wa Virgil in zai zo ɗaukar bindigar ya taho da makullin. Ran Lahadi ke za ki tuƙa. Ki rage sautin yadda kunnenki zai ɗauka, in an zo amshi ki juyo ki rera masa da ƙarfi, yana ganin bakinki.

Allah ya tsare miki shi, ya kwantar da hankalinki.

Anti Corinne