Dutsen Taimamarki Shina Nan Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga Balkisu, uwar ɗiyana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Garba ne, mijinki mai albasa. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma tun da kinka tafi ban sami wanda zai bar ni in yi surutu har in kai aya ba.

Gida lafiya. Albasar bana ta yi kyau, ruwan dam bai yi muna rowa ba. Manyan yaran kowa shina sha'aninshi. Autarki Saudatu ce ta hana ni sakat.

Wata ƙawarta ta Islamiyya ta ara mata ɗan littafi kan azabar kabari. Bango kore, da ado kamar ruwan zinari. Ni kaina da na gan shi hannunta daɗi na ji, na ce ɗiyata ta kama hanya. Ashe akwai babi guda ciki kan wanda ya bar salla, an zayyana abin da za a yi mishi dalla-dalla, ba a ce uffan kan mara lafiya ba. Ita kuwa ta tuna kwanakinki na ƙarshe, lokacin da ba ki iya tashi, ba ta ƙara ganinki bisa tabarmar salla ba. Ta haɗa wannan da wancan ita kaɗai, ta yanke cewa azaba ake yi miki.

Balki, yarinyar ta rame. Tuwo sai ta tsakura ta ture kwano. In ta sallame farilla sai ta miƙe ta sake wata, wai biya miki take yi. Ranar da na matsa mata mi ke damunta, ta ce, "Baba, Inna tana jin zafi yanzu?"

Kin san ni da baki. Fataken da ke zuwa lodi daga Kudu sun sha zuwa da niyyar buhu kaɗan su koma da mota cike. Na zaunar da ita na zuba mata duk abin da na sani, na rahama, na lada, na halinki. Ta saurare ni har ƙarshe, kanta ƙasa, sannan ta ce, "Baba, kai ko ruɓaɓɓar albasa kana iya sa mutum ya saya." Ba rashin kunya ta yi mini ba. Abin da ta tashi tana gani ne. Ta fi yarda da abin da anka buga bisa takarda, bakin ubanta kuwa na kasuwa ne.

Can da, ke ke zaɓa wa yara littattafai. Ina tuna ki bakin murhu, kin buɗe littafi daga tsakiya, kina karantawa kina tura icce da ƙafa, ba ki miƙa wa yaro sai kin gama. In na kawo wani don ya yi kyau ido, kina cewa, "Kai da ba ka yarda da kan buhu, mi ya sa kake yarda da bango?"

Ran kasuwar Goronyo na bar yaran shago da albasa, na tafi wurin mai littattafai, can kusa da masu kifi. Ya fara yabon kayanshi, sai na ji muryata ce ke fita bakin wani. Na tsuguna na riƙa yi musu yadda nake yi wa buhu, hannu tsakiya. Wani wuta ce tun daga farko har ƙarshe. Wani Larabci ne zalla, ya fi ƙarfin ɗan karatuna. Wani na manyan ɗalibai ne, yarinya za ta ɓace ciki. Har mutumin ya gaji ya ce, "Alhaji, saye ka zo ko makaranta?"

Na samo wani siriri, bangonshi ba ado, Hausa ce mai sauƙi kan tsarki da salla. Tsakiyarshi akwai babin sallar mara lafiya: zaune, kwance, har da nuni in jiki ya ƙi. Ban yarda da idona ba, na kai wa limamin unguwarmu nan Wurno ya duba, ya ce ba matsala. Ya so ya zo ya yi wa Saudatu magana, na roƙe shi ya dakata. Cewa za ta yi shi ma na saye shi da baki.

Ina hanyar gida na tuna dutsen. Wannan mai santsi da na tsinto miki bakin gulbin Rima lokacin da ruwa ya fara cutar da ke. Kina buga tafi bisa shi ki shafa fuska, leɓɓanki na motsi, yatsanki na ɗagawa bisa zane. Saudatu ba ta taɓa gani ba, don ke kinka ce a riƙa fitar da ita daga ɗakin kada ta ga wahalarki. Tausayinki ne ya ɓoye mata sallarki.

Na duƙa ƙarƙashin gado, shina nan inda kinka bar shi.

Yanzu na buɗe littafin daidai babin, na aza shi bisa tabarmarta, na danne shafin da dutsen. Ta san na waye, ta sha ganin shi gefen gadonki, amfaninshi ne ba ta sani ba. Tana Islamiyya, bayan la'asar za ta dawo, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ce komai ba. Ina nan zaune ina jiranta, Balki. Ina tsoron ta juya shafi ta ci karo da wani abin da ban lura ba. Ina tsoron ta ce ni na shirya. To ni na shirya, amma santsin gefen dutsen nan da dattin hannun da ke bisa shi ba nawa ba ne.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya karɓi sallolin da kinka yi kwance kamar waɗanda kinka yi tsaye. Allah Ya sanyaya zuciyar autarki, Ya sa yau ta cinye tuwonta. Amin.

Naki har mu iske ku,
Garba, wanda yau ya kame bakinshi.