Irin Doyar da Na Kulle a Sito

Tungan Maje, Abuja
9 ga Maris, 1982

Zuwa ga Yaya Hadijatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara. Kin ce a Daura ana ta faɗin ƙaninki ya zama babban malamin gona a sabon birni. Don Allah ki daina amsa musu.

Gwamnati ta gina wa ƙauyen nan sito na bulo da kwano, har da ƙofar ƙarfe. Kuɗi ya yi yawa, komai sai an gina. A ajin yaƙi da jahilci da nake koyarwa na matsa wa manoma su kwashe irin doyarsu daga rumfunan ciyawa su zuba a ciki. Na sa aka toshe kowace kafa saboda ɓera, yadda Baba yake liƙe rumbun gero. Wani dattijo, Thaddeus, ya ce mini doya tana numfashi. Na yi masa dariya a gaban 'ya'yansa.

Jiya muka buɗe. Warin ne ya fara fitowa. Irin gidaje goma sha huɗu ya ruɓe, ga damina saura 'yan makonni.

Oga Abdulmajeed, wanda bai taɓa taka ƙauyen ba, ya ce in rubuta a rahoto cewa manoma ne suka kawo ruɓaɓɓen iri. In na yi haka, za a mayar da ni ofis. Na gaji, Yaya. Takardar tana gabana.

Ƙaninki,
Sadisu

Daura
21 ga Maris, 1982

Sadisu,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Wasiƙarka ni kaɗai na karanta, ban nuna wa kowa ba.

Kai da ba ka taɓa ganin doya ba sai a tukunya, me ya hana ka tambaya? Tun kana ƙarami haka kake, in ka riƙe littafi ba ka jin kowa. Ba zan ce maka ga abin da za ka rubuta ba. Amma ka ba ni labarin sito, ka ba ni na oganka, ba ka gaya mini me gidajen nan za su shuka ba. Ko ba ka tambaye su ba har yanzu?

Allah ya shirye ka, ya kuma tsare ka.

Yayarka,
Hadijatu

Tungan Maje
6 ga Afrilu, 1982

Yaya,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na rubuta gaskiya. Oga ya ce in manta da ofis, kuma bai yi mini rashin adalci ba.

Na karanta rahoton a aji, babu wanda ya ɗago kai. Da na gama, Thaddeus ya ce, “Malam, mun ji. Takarda ba ta tsiro. Gobe za ka bi mu.”

Kwana huɗu muna bin ƙauyukan surukansu muna roƙon iri. A kowace ƙofa ni yake turawa gaba in faɗi abin da ya faru da bakina. Mun samu na gida tara.

Saura biyar. Da asuba za mu sake fita.

Sadisu