Kwamfutar Baba da Muryar Mai Mura

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma saƙon nan ya fito a kwamfutar Baba. Ina kicin ina haɗa shayi na ji ana karanto shi da ƙarfi: daga ƙarshen wata akwatin wasiƙu ba zai ƙara buɗewa a tsohon tsarin da kwamfutar take kai ba, sai an sabunta. Baba ya ɗaga murya daga ɗakinsa, "Auta, Mai Mura ya fara wa'azi kuma." Na ce ƙyale shi Baba, barazana ce kawai.

Shekara takwas ke nan muryar nan tana karanta masa duk abin da ke kan allo, tun da hawan jinin ido ya ɗauke masa gani, kuma har yau ta hanci take magana. Shi ya sa ya raɗa mata Mai Mura. Ni ko kalma uku a jere ba na kamawa idan ya sa ta gudu. Shi kuwa har dariya yake yi mata.

Ba barazana ba ce, na sani.

Talata, 7 ga Oktoba

Yaya ya kira. "Minti talatin ne fa, Auta. Ki danna inda aka ce kin yarda, shi ke nan." Daga garin da yake komai minti talatin ne. Shekarata arba'in da ɗaya, ina da yara uku, ni nake ba asibiti guda magani, amma a wurin Yaya har yanzu ni ce wadda ba ta iya ɗaura takalmi ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Da hutun rana na leƙa shagon mai gyaran kwamfuta da ke bakin ƙofar asibiti. Dattijo ne mai haƙuri, tabarau biyu yake sawa, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na zayyana masa komai, ya saurara har na gama.

Abin da ya ce, kafin in manta: kwamfutar za ta ɗauki sabon tsarin, sai dai za ta ɗan yi nauyi. Takardun Baba ba za su ɓata ba idan an kwafe su waje ɗaya tukuna. Tsohon tsarin an daina toshe masa kafofi, duk ɓarawon intanet da ya ga dama zai iya leƙowa. Wannan bai dame ni sosai ba, me za a sata a wurin tsohon malamin lissafi, amsoshin jarrabawar shekara talatin?

Sai na tambayi abin da ya kawo ni. Ya cire tabarau na ido ya sauko da na goshi. Ya ce manhajar da ke magana da muryar Mai Mura tsohuwa ce, masu ita sun daina ta, ba za ta tashi a sabon tsari ba. Akwai wata, ta ma fi kyau, amma murya daban, maɓallai daban, jerin abubuwa daban. "Sai ya sake koyo, Hajiya. Mai ilimi ne ai, mako biyu ya ishe shi."

Na ce haka ne. Na fito na manta jakata a kan kujerarsa, sai da ya biyo ni da ita.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na zauna a bakin gadon Baba da safe ina ninke kayan wanki, ina kallon hannunsa. Ban taɓa kallo da kyau haka ba.

Ba tunani yake yi ba, yatsun ne suke tafiya. Ya ɗiga gam a kan maɓallai huɗu tun shekarar farko, sun bushe sun zama kamar ƙuraje, da su yake gane inda yake. Maɓallin ƙasa sau uku, na dama sau ɗaya, ya buɗe wasiƙu. Ƙasa sau biyar, littafin da yake saurare. Kafin Mai Mura ya gama faɗin sunan abu ya riga ya wuce shi. Tsofaffin ɗalibansa suna rubuto masa daga ko'ina, wani ya zama injiniya, wata tana koyarwa a jami'a, akwai wanda duk mako sai ya aiko masa da lissafi wai ya ga ko Malam ya tsufa. Yau ya warware na wannan makon kafin shayinsa ya huce, ya rubuta masa, "Ka sake ƙoƙari."

A gidan nan ni nake zuba masa abinci, ni nake jera masa magani, ni nake gaya masa rigar da ya sa ta juye. A gaban kwamfutar nan kaɗai ba ya kiran kowa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na raba takarda biyu kamar yadda shi ya koya mana.

In an sabunta: wasiƙu za su ci gaba. Yaya zai sarara min. Mai gyara ya ce sabuwar muryar tana karanta rubutun da ke cikin hoto, ga ta da saurin buɗe littattafai. Kuma ko ba yau ba dole wata rana a yi.

In an bari: yatsunsa sun san hanya. Littattafansa suna nan. Wasiƙun ne kawai za su tsaya, kuma wannan ai ina iya karanta masa daga wayata.

Na duba na ga ɓangaren farko ya fi tsawo, sai na ƙara wa na biyu "za ta yi nauyi" da "gam ɗin ba zai dace ba", don dai su yi daidai. Ina yi ina jin kunyar kaina. Da Baba ne ya duba takardar nan da jan biro zai zagaye ta.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da na dawo daga aiki na tarar da shi tsaye a lungun da ke tsakanin banɗaki da ɗakinsa, hannunsa a bango. Taku bakwai ne, shekara takwas yana yinsu. Na ce Baba lafiya? Ya ce, "Auta, wa ya matsar min da ƙofa?" yana dariya. Na yi dariya ni ma na kama hannunsa.

Makon jiya sau biyu ya tambaye ni ko Baban yara ya dawo daga tafiya, alhali tare suka karya. Gajiya ce. Ba ya samun barci sosai, kuma sabon maganin hawan jinin nan yana sa jiri, ni na fi kowa sani.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ba zan sabunta ba. Na gama magana.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gwada dabarata. Na ce Baba bari mu saba tun yanzu, in riƙa karanta maka wasiƙu daga wayata kana faɗa ina rubuta amsa. Ya ce to.

Biyun farko sun tafi lafiya. Ta uku daga wani ɗalibinsa ce da matarsa ta rasu watan jiya, doguwa, yana cewa ba ya iya shiga ɗakinta, yana tambayar Malam yadda ya yi lokacin da Mama ta rasu. Na karanta har ƙarshe. Na ce me zan rubuta?

Ya ce, "Rubuta: Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri." Na jira. Ya ce shi ke nan.

Bayan azahar na ji maɓallai suna ƙara a ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya sa abin kunne. Fiye da awa ɗaya yana rubutu. Ban san me ya gaya wa mutumin ba, kuma ba hurumina ba ne in sani. Dabarata dai ta mutu a ranar da aka haife ta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Mun yi faɗa da Yaya. Ya ce taurin kai ne kawai irin nawa, in ba zan iya ba zai turo wani ya yi. Na ce turo, ka kuma turo wanda zai zauna da shi in ya kasa. Ya ce, "Ya kasa me? Baba ne fa." Na buɗe baki, sai na ce layi ba kyau na kashe.

Tsoron da nake ji ke nan, bari in rubuta shi sau ɗaya. Abin da yatsu suka haddace ba ya neman komai daga kai. Sabo kuwa sai kai ya riƙe. In aka sauya ya kasa riƙewa, ya rasa wasiƙun, ya rasa littattafan, kuma zai san dalili. Ni ma zan sani.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ina jera masa magungunan mako a ɗan akwatinsu ya ce, "Auta, saura kwana nawa wata ya ƙare?" Na ce takwas. Ya ce, "To me muke jira?"

Na fara kawo masa abin da ke takardata, za ta yi nauyi, muryar daban ce, gam ɗin. Ya bar ni na gama tas, kamar yadda yake barin ɗalibi ya gama kuskurensa a allo.

Ya ce, "Ranar nan ba ƙofa ce ta matsa ba. Kin sani, na sani."

Na ce maganin ne, Baba.

"Wataƙila. Amma lissafin mai sauƙi ne. In kaina yana raguwa, yau ya fi gobe yawa. Abin da zan iya koya bana ban san ko zan iya baɗi ba. Kina ajiye min wahalar ne zuwa ranar da ba ni da abin ɗaukarta." Sai ya lalubo hannuna ya ce, "Ki kira mai tabarau biyun nan naki."

Duk lissafin da na yi mako biyu, ban taɓa sa lokaci a ciki ba. Kuma ban taɓa tambayarsa ba, shi mai kwamfutar. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mai gyara ya zo da safe. Ya kwafe komai tukuna, ya nuna min. Kafin ya fara Baba ya ce a dakata, ya sa Mai Mura ya karanta masa shafi ɗaya na littafin da yake kai, a hankali, ba da gudun da ya saba ba. Muka tsaya mu biyu kamar masu rakiya a tasha. Da ya ƙare ya ce, "To, Allah ya ba ka lafiyar hancin nan. Bismillah, Malam."

Awa uku da rabi aka yi, a gaya wa Yaya. Mai gyara ya ce akwai kwana goma da za a iya komawa tsohon in abin bai yi ba, bayan nan ƙofa ta rufe.

Sabuwar muryar mace ce, tana magana kamar mai karanta labarai. Baba ya ce 'yar gayu ce, ba za ta yi haƙuri da tsoho ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ƙasa sau uku yanzu yana kai shi wurin hasashen yanayi. Sau shida ya ji za a yi zafi gobe.

Talata, 28 ga Oktoba

Jiya ya iya buɗe wasiƙu shi kaɗai, har ya tafa. Yau da safe babu, kamar ba a taɓa yi ba. Ya zauna hannuwansa a cinya, ya ce in sake faɗa masa. Na faɗa. Ya maimaita da baki sau goma, irin yadda yake sa mu haddar jadawalin sau. Na kankare tsohon gam da farce na ɗiga sabo inda ya nuna.

A wurin aiki na ba wata mata maganinta ban yi mata bayani ba, sai da ta tambaya. Saura kwana bakwai a iya komawa. Na san inda ake dannawa, na sa mai gyara ya nuna min a ɓoye.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ya yi fushi yau, ya ture allon maɓallan har ya faɗi. Ban taɓa ganin haka ba. Na ɗauka na mayar, na ce Baba ko mu koma? Ya ce, "Koma ina?" Bayan la'asar na ji 'yar gayu tana ta magana a ɗakin.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yau kwana goman suka cika. Ban taɓa komai ba, aiki ya yi yawa.

Da rana wasiƙa ta shigo wayata daga Baba, ta farko a sabon tsarin, shi kaɗai ya yi. Baban yara ya ce minti arba'in ya ɗauka, kuma ya hana kowa shiga. Layi uku ce: yana gaishe ni, yana cewa in taho da batirin rediyo, sai ya sake gaishe ni da kalmomin farko sak, kamar bai yi ba. Na karanta a tsaye a bayan kanta, na yi murna, wallahi na yi murna.

Da zan tashi na bi ta hawa na biyu, tunda dai hanyata ce kusan, na karɓar masa kati a wurin likitan ƙwaƙwalwa. Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara. Dubawa ce kawai. Na kira Yaya na gaya masa, ya ce zai zo.

A takardar da suka ba ni in cike akwai inda aka tambaya tun yaushe aka fara lura. Na riƙe biro na ɗan jima. Na rubuta wata bakwai.