Gyaɗar da Ɓera Ya Ci

Kebbe, Litinin

Zuwa ga jikata Zaituna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tarin ya sassauta yau, ƙafafun ne dai suka kumbura. Kunnena ba ya jin waya, shi ya sa nake rubutu.

Ruwa ya shiga rumbu, gyaɗata ta yi funfuna. Ban zubar ba. Na kama ƙaramin ɓera na sa a garwa, na yi kwana bakwai ina ba shi ita. Ƙiba ma ya yi. Kin ga mu ma mun yi makaranta, amarya! Sai na shanya ta, na aika wa kawunki Uthman a Fakku, a riƙa yi wa 'yarsa Fiddausi kunu tunda an yaye ta.

Ki gaida abokan aikinki na asibiti.

Kakanki, Almu

Tambuwal, Alhamis

Kaka,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Yau babu wasa, angona.

Ɓeran nan ya yaudare ka. Hantar ƙaramin ɓera tana da wani sinadari mai kashe gubar funfuna kafin ta yi ɓarna. Ko babban ɓera bai kai shi ba, abin da ƙaramin ke ci lafiya yana iya kashe shi. Hantar mutum ba ta da wannan ƙarfin, balle ta yarinya. Shanya ba ta cire gubar, dafawa ma haka.

Na kira Kawu sau shida, wayar ba ta shiga. Ka aika yau a daina kunun. A duba idon Fiddausi. In ya yi rawaya, ko tana amai, a kawo mini ita.

Yaushe ka aika gyaɗar?

Taka, Zaituna

Kebbe, Lahadi

Zaituna,

Na gaishe ki. Jikin da sauƙi, abinci ne ba ya shiga.

Sati biyar ke nan da na aika gyaɗar. Da hannuna na auna ta, har na ƙara mudu biyu don yarinyar tana son kunun.

Na ba Ɗangiwa mai babur takarda ran Juma'a ya kai wa Uthman. Ya tarar da gidan babu kowa sai wata maƙwabciya, ta ce sun fita da yarinyar tun safe, ba ta san inda suka nufa ba. Ya bar saƙo cewa lallai Uthman ya zo wurina ran Asabar, wato jiya.

Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, na zauna har aka kira magariba. Bai zo ba.

Ki sa mu a addu'a.

Kakanki, Almu