Na Toshe Wa Gidana Hanci, Na Ɗora Wa Ƙanin Matata Laifi

Anti Asama'u, don Allah ki taimake ni. Idan dariya za ki yi, ki gama abarki tukuna, sannan ki ba ni shawara.

Ni tsohon soja ne. Shekara talatin da biyu na yi cikin kaki, na bar aiki ina Saje, na dawo gida Zuru na gina ɗan gida mai ɗaki huɗu. Ƙanin matata, Abel, kafinta ne, shi ya yi mana rufin kwano da silin. Da ana ginin ya sa magini ya bar wasu ramuka a saman bango, can tsakanin silin da kwano, uku ta gabas uku ta yamma, ya kuma bar 'yar tazara a ƙarƙashin bakin kwanon. Na tambaye shi na mene ne, ya ce don rufin ya riƙa shan iska. Na ce to, amma a raina na ce yau na ji sabon salo, kwano ma sai ya yi numfashi.

Ba mu yi wata uku da tarewa ba jemagu suka gano ramukan. Nan fa sojan da ke cikina ya farka. An koya mana cewa duk kafar da abokin gaba zai bi ya shigo, toshe ta ake yi. Ranar da matata Beatrice ta tafi biki Sakaba, na kwaɓa siminti, na kafa tsani, na liƙe ramukan nan shida tas. Tazarar bakin kwanon ma na cusa mata tsumma da buhunan siminti, na shafe. Na sauko ina jin kaina kamar wanda ya ƙwato gari. Ban faɗa wa kowa ba, domin a ganina babban mutum ba ya neman izini a gidansa. Don hikimata ta cika, da kaka ta yi na ɗora buhu huɗu na dawar iri a cikin silin, ba ta ma gama bushewa ba, wai ɓera ba zai kai can ba.

Da bazara ta zo, falonmu ya koma kamar gidan burodi. Na ce ai bana ko'ina zafi ake yi. Da damina ta faɗi sai silin ya fara naso, baƙin tabo ya bazu a ɗakinmu, da sassafe kuma ruwa na ɗiga a kan gado ko da ba a yi ruwan sama ba. Mai hankali zai tsaya a nan ya yi tunani. Ni kuwa sai na tare Abel a ƙofar coci bayan an tashi sujada, gaban dattawa da mata da kowa, na ce ya yi mini aikin banza, kwanonsa yoyo yake yi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaya, bari in zo in hau in duba.” Na ce kada ƙafarsa ta sake taka gidana. Daga baya na ji cewa mutum biyu da suka yi masa alkawarin aikin rufi sun fasa, ɗaya ma babban gida ne a Bena.

Beatrice dama tana da ciwon ƙirji. Warin fumfuna ya tayar mata da tari, sai ta kwashe shimfiɗarta ta koma tsohon ɗakin ciyawa na marigayiya mahaifiyata a bayan gida. Unguwa ta ɗauka cewa mun ɓata. Har 'yan zumuntar mata suka zo su biyar yi mana sulhu, na zauna kamar ɗan makaranta ana yi mini wa'azin haƙuri da iyali, alhali ko musu ba mu yi ba.

Makon jiya na hau silin da tocila don in nemo hujin da zan nuna wa duniya. Anti, babu huji ko na allura. Kwanon lafiya lau yake, sai dai cikinsa ya yi gumi sharkaf, ɗigo-ɗigo a jere. Katakai sun yi baƙi, ƙusoshi sun yi tsatsa, dawata ta ruɓe, zafin wurin kuwa minti biyar na yi na fito ina haki. Da na sauko baƙi ƙirin, Beatrice ta miƙo mini ruwa, ta dube ni ta ce, “Ɗakin Mama dai ba ya gumi.” Ta juya ta tafi.

Kunya ta hana ni sukuni. Ina tunanin in fasa simintin a ɓoye, in gyara, in ce Allah ne ya kawo sauƙi. Ko kuwa dole sai na faɗa? Ni da na yi shekaru ina ba da oda, yaya zan tsaya gaban yaron da na girme da shekara ashirin in ce na yi wauta?

Naki,
Saje Mai Siminti, Zuru.

AMSA

Ranka ya daɗe Saje, na yi dariyar, na gama, kuma na ji tausayinka. Wanda ya iya ba da labarin wautarsa haka bai lalace ba.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Jemagu a cikin silin ba abin wasa ba ne, kashinsu na da wari kuma yana cutarwa, kuma da Abel ya sa wa ramukan raga tun farko da ba a kai nan ba. Wannan gyara ne da za ka iya faɗa masa cikin mutunci. Iyakar laifinsa ke nan, sauran duk naka ne.

Na kai maganarka wurin Malam Yazid, wani tsohon magini da nake tambaya irin waɗannan abubuwa. Ya ce wurin da ke tsakanin silin da kwano yana tara zafi da rana, yana kuma tara danshin da ke tashi daga cikin gida. Idan iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, sai ta kwashe su. Idan an toshe, danshin ya kwanta a jikin kwano da sanyin safiya, ya ɗigo kan katako da silin. Ɗanyar dawarka ƙara masa ƙarfi ta yi. Don haka a fasa simintin, a cire tsumman, a buga ragar waya mai ƙananan ido a kowace kafa. A sauke dawar a zubar, a canza allunan silin da suka yi fumfuna, mai aikin ya rufe hancinsa. A duba katakan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ruɓe a sauya shi kafin iskar farkon damina mai zuwa ta gwada rufin. Beatrice kuma ka kai ta asibiti a duba ƙirjinta, kada ta koma ɗakin sai ya bushe.

Gyara a ɓoye kuwa, ban yarda ba. Rufinka zai warke, amma Abel zai ci gaba da yawo a gari da sunan kafinta mai yoyo, kuma da sunan nan yake ciyar da iyalinsa. Ka je gidansa da ƙafarka ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya zo ya yi aikin. Ranar Lahadi kuma, a ƙofar cocin nan, gaban mutanen da suka ji zargin, ka faɗi abin da ka yi da muryar da ka yi zargin da ita. Mai gidan Bena ma ka neme shi. Za a yi maka dariya mako biyu, wataƙila sunan da ka sa wa kanka a wasiƙar nan ya bi ka. Ka jure, ai a aikin soja ka ga abin da ya fi wannan.

Kada kuma ka zaci matarka ba ta sani ba. Mai shanya a bayan gida kullum ta daɗe da ganin ramuka shida sun ɓace. Ta yi shiru ne tana jiran ka faɗa da bakinka, kuma ƙaninta ne ake zagi duk tsawon watannin nan. Ita za ka fara ba haƙuri, yau, a ɗakin ciyawar. Ƙofarsa gajera ce, dole ka sunkuya kafin ka shiga.

Allah ya ba Beatrice lafiya, ya mayar wa Abel da kasuwarsa, ya sa gidanku ya sha iska.

Asama'u