Zuwa ga Abba, Wanda Ya Sallame Mu da Hutun Langkawi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abba, bayan gaisuwa da girmamawar da ta wajaba a kan ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na fara da gaisuwa ne saboda tarbiyyar da Umma ta ba mu, amma zuciyata ba ta huce ba. Na sa wannan wasiƙa a dandalin 'yan Arewa mazauna Doha domin ka toshe mini kowace hanya. Lambar da kake kiranmu da ita ta daina shiga, direban da na aika wurinka a unguwar masana'antu ta Sanaiya kuwa ka ce masa ba ka san mai saƙon ba. Na san masu karatu za su ce 'ya ba ta yi wa uba magana haka. Su faɗi abin da suka ga dama. Ba su aka ajiye a filin jirgin Dubai da silifas ɗin bakin teku a ƙafa ba.

Bari in tuna maka, ko da yake na san ba ka manta ba.

Lokacin zafin shekarar 2004 ne, muna gidanmu na Al Gharrafa, kana injiniya a kamfanin gas, ni kuma saura shekara guda in gama sakandare. Ka shigo da yamma kana murmushi ka ce, “Yalla, maza ku haɗa kaya, za mu Malesiya.” Umma ta ajiye ludayi ta dube ka, don tun da muka zo ƙasar nan hutunmu bai taɓa wuce Zariya ba. Ta ce, “Ina laifin gida?” Ka ce bana sai mun ga teku na gaske, mai itatuwa a bakinsa. Ƙanwata Nusaiba ta yi ta tsalle a kan kujera. Sai ka ƙara da cewa, “Kowa jaka ɗaya. Kada ku cika kaya, ai ba daɗewa za mu yi ba.”

Jaka ɗaya, Abba. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakina kana kallo na ciro littattafaina na mayar kan tebur, ka ce hutu hutu ne. Ka ga Umma za ta jiƙa shinkafar waina ta fasa, ta ce sai mun dawo. Ka ji ta ba maƙwabciyarmu 'yar Sudan amanar na'a-na'ar da ta shuka a bayan kicin.

Langkawi kuwa ta yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Mun fito daga garin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, muka faɗa cikin kore ta ko'ina. Ranar da muka sauka aka yi ruwa. Umma ta tsaya a barandar masauki ta rufe ido ta ce, “Wallahi ƙamshin daminar Zariya.” Ka yi dariya ka ce to ga shi an kawo mata damina har gida.

Ka tuna ranar da Umma ta shiga teku? Da hijabinta da komai, tana riƙe da hannunka tana salati, igiyar ruwa na dukan gwiwarta. Matar da ko rafi ba ta taɓa tsallakawa ba. Da ruwan ya kayar da ita zaune, ta yi dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba, har wasu Larabawa suka waiwayo. Biri ya fizge ayaba daga hannun Nusaiba, ka bi shi da takalmi kana zaginsa da Hausa. Muka shiga kwalekwale cikin wani dajin da saiwoyinsa ke tsaye a ruwa, shaho na sauka yana ɗaukar abinci a gabanmu. Muka ci gasasshen kifi a ganyen ayaba, ka bar wa Umma tsokar ka ɗauki kan.

Abu ɗaya na lura da shi, wayarka ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Kai da ko a kan tabarmar sallah ake nemanka daga wurin aiki. Na tambaye ka, ka ce ka gargaɗe su kada wanda ya dame ka. Na yi alfahari da kai a ranar. Na ce a raina ubana babba ne, har ya isa ya hana kamfani kiransa.

A can ka koya mini kwanciya a kan ruwa. Ka sa tafin hannunka a bayana ka ce, “Saki jikinki, ina riƙe da ke.” Na saki. Da na buɗe ido sai na gan ka can gefe ka harɗe hannu, ashe tuni ka janye. Na sha ruwan gishiri, na fito ina tari ina fushi, kai kuwa kana cewa ai haka ake koyo. Ban san gwaji kake yi ba.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kasuwa. Ana gobe za mu taso, Umma ta ce sai ta yi wa mutanen Doha tsaraba. Ta zaɓar wa maƙwabciyarmu zane mai furanni, ta sayi turare na matan da suke karatun Alƙur'ani tare, ni ma na saya wa ƙawata ta makaranta abin hannu na ƙwaryar kwakwa. Kai ka riƙe mana ledojin. Har shawara ka ba Umma, ka ce shuɗin ya fi dacewa da 'yar Sudan ɗin. Wane irin mutum ne zai taya matarsa zaɓen tsarabar da ya san ba za ta taɓa kai wa masu ita ba?

A Dubai za mu canza jirgi. Ka zaunar da mu a wani lungu kusa da masallacin mata, ka miƙa wa Umma fasfo uku da tikiti uku. Ni na fara karantawa. Legas aka rubuta. Na ce, “Abba, sun yi kuskure.” Ba ka dube ni ba. Ƙasa kake kallo ka ce, “Aikina ya ƙare tun bayan Babbar Sallah. Na samu wani kafil da zai tsaya mini in zauna a ƙasar, amma aikin ba ya ɗaukar iyali. An soke iƙamarku, ba ku da izinin zama. Kawunku zai tarye ku. Khalas.”

Khalas. Da wannan kalma ta Larabci, wato shi ke nan, ka rufe shekarun da muka yi a ƙasar nan, kamar mai sallamar ɗan tasi.

Ashe watanni kana fita da safe da rigar aiki, Umma na zuba maka shayi a fulas, ba inda kake zuwa sai yawon neman wanda zai ɗauke ka. Ashe abin da aka sallame ka da shi ne ka kai mu ka zubar a bakin teku. Nusaiba ta riƙe rigarka tana kuka, ka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Umma ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, “Da ka gaya mini, da na yi sallama da mutane.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ka juya ka nufi ƙofar jirgin Doha, ka kuwa yi sauri.

Muka isa Tudun Wadar Zariya da kayan wanka da bawon katantanwa da tsarabar mutanen da ba za mu sake gani ba. Ɗaki ɗaya Kawu ya ba mu a gidansa. Bayan watanni wasu kwalaye suka iso, wanda ya haɗa su bai san mu ba: tukunya a kan Alƙur'ani, takalmi ƙafa ɗaya, hotunanmu babu. Na maimaita aji. 'Yan makaranta suna ce mini 'yar Larabawan da aka koro. Umma kuwa duk wanda ya tambaya sai ta ce an tura ka wani babban aiki a cikin teku, shi ya sa. Ta yi ta rufa maka asiri a gaban mutanen da suka riga suka sani.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Da ka zaunar da mu a falo ka ce ga halin da ake ciki, wallahi Umma da kanta za ta ɗaure kayan. Matar da ta zauna da kai a ɗakin haya a Samaru kana ɗalibi, tana soya ƙosai, ita ce ka ga ba za ta iya ɗaukar labarin rasa aiki ba? Ba ita ka tausaya wa ba, Abba. Kanka ka tausaya wa. Ba ka so ka ga fuskokinmu muna kallonka a matsayin wanda aka sallama, sai ka saya wa kanka 'yan kwanakin da za ka ci gaba da zama babban mutum, mu kuma muka biya da sauran rayuwarmu.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Umma, kana kira ranar Juma'a, kana aiko abin da ya samu. Ban hana maka wannan ba. Amma ba shi take tambaya ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce in leƙa. Ta rasu cikin azumin 2007. Ka ce wa Kawu fasfonka na hannun kafil, ya hana ka izinin fita. Muka yarda, muka yi ta tsine wa Balaraben da ba mu sani ba. Sai da na dawo Doha wani dattijon direba da kuka zauna ɗaki ɗaya ya gaya wa mijina gaskiya, cewa kafil ɗin ya ba ka izini a ranar, har ya yi maka ta'aziyya. Kai ne ka zauna a bakin gado ka ce, “Da wane ido zan kalli 'yan'uwanta?”

Da idon da muka kalle su, Abba. Mu muka zauna a tabarmar makoki ana tambayarmu ina mijinta.

Kawu ne ya ɗaura mini aure bara. Mijina Auwal ma'aikacin asibiti ne a nan, muna zaune a Abu Hamour. Ban so dawowa garin nan ba, amma na ce ko ba komai zan tsaya a gabanka in faɗa maka duk abin da na rubuta a sama, baki da baki.

Na kuwa gan ka. Wata safiya a kasuwar kayan miya, kana loda kwalayen tumatir a bayan wata farar a-kori-kura. Ta bayanka na gane ka, ta yadda kake dafa ƙugu kafin ka sunkuya. Ka waiwayo, idonmu ya haɗu, na tabbata ka gane ni, don kwalin ya kusa suɓuce maka. Sai ka ja hularka ƙasa ka zagaya bayan motar. Na tsaya da tsohon ciki a cikin rana ina jira ka fito. Motar ta tashi da kai a ciki.

Na zo da maganganu cike da baki, amma a mota da muke komawa gida ba ɗaya da na tuna. Abin da na yi ta gaya wa Auwal shi ne gemunka ya yi fari fat, kuma ka rame, kuma kana ɗingisa ƙafar hagu. Wa ke duba maka ƙafar nan? Har yanzu kana shan shayi ba ka ci komai ba sai azahar? Kwalayen nan sun fi ƙarfin bayanka, ko a da can ciwon baya kake yi.

Ka sani, ban ji kunyar ganinka da kwalin tumatir ba. Ko kaɗan. Da ka tsaya, da na karɓi ɗaya na taya ka ɗorawa a gaban duk kasuwar. Gudun da ka yi ne ya ƙona mini rai.

Ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba. Umma ce ta yafe. Ana saura kwana kaɗan ta cika ta ce da ni, “Ubanku ba mugu ba ne, kunya ce ta yi masa yawa. In kin gan shi kada ki tsananta.” Ga shi na tsananta, Allah Ya yafe mini saɓa mata. Nusaiba tana jami'a yanzu, ba ta ambatonka, amma ta hana a taɓa hularka da ta zo cikin kwalayen nan.

Na haihu, Abba. Mace ce, an sa mata sunan Umma. Tana da irin kunnuwanka, duk wanda ya san ka sai ya faɗa. Ba ta san Langkawi ba, ba ta san Dubai ba, ba ta san kai injiniya ne ko direba ba. A duniyar nan ita kaɗai ce za ka kalla ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Dattijon nan abokin zamanka ya san gidanmu. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, da kayan aikinka ma in ka so. Ba zan tara maka kowa ba. Zan yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Mai yiwuwa in yi maka faɗa, mai yiwuwa in kasa magana, amma zan buɗe ƙofar.

Allah Ya jiƙan Umma, Ya haskaka kabarinta, Ya saka mata da Aljanna a kan haƙurin da ta yi da mu duka. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sauƙaƙa maka nauyin da kake ɗauka, na kwali da na zuci. Ya cire mini wannan ɗacin kafin in shayar da shi ga 'yata. Ya sa kada ɗayanmu ya riga ɗaya barin duniya ba mu zauna a tabarma guda ba. Amin.

Ka duba da kyau, daga farkon wasiƙar nan har ƙarshenta ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci nawa ba. Asirinka a rufe yake. Kai kaɗai ka san mai magana.

Wassalam,
wadda kake kira Uwata.